Ina tsoron ni munafuka ce a gaban Allah

Wata 'yar'uwa ta rubuto, ta kuma roƙa a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Shekarata 14 da yin baftisma. Ina cikin mawaƙan ikkilisiyarmu, ina koyar da yara ran Lahadi, sau da yawa kuma ni ake kira in yi addu'a a gaban jama'a. In na tsaya gaban mutane magana sai ta yi ta zubo mini, har wasu su yi hawaye. Amma a ɗakina na fi wata biyar ban durƙusa da gaske ba. Na lura ina jin daɗi in an yabe ni, ranar da ba a yaba ba kuwa sai raina ya ɓaci. Akwai wata a cikin mawaƙa da na faɗi abin da ba gaskiya ba a kanta, don an ba ta jan waƙar da nake so, yau kusan shekara guda ba ma magana. Tun ranar da na karanta inda Yesu zai ce wa wasu bai taɓa saninsu ba, barci ya ƙaurace mini. Na daina cin Jibin Ubangiji. Ina tunanin ajiye hidima gaba ɗaya. Ni munafuka ce? Yaya zan san ko bangaskiyata ta gaske ce?"

Ƙanwata a cikin Ubangiji, sannu da wannan nauyi. Wanda bai taɓa kwana ido biyu yana tambayar kansa ko Allah ya san shi ba, da wuya ya gane irin gajiyar da kike ciki.

Ba zan yi saurin ce miki ki kwantar da hankalinki, ba komai ba, domin akwai komai a wasiƙarki, ke ma kin sani. Ba zan kuma yanke miki hukuncin munafunci ba, don ba a ba ni ikon ganin zuciyar kowa ba. Tambayar da kika yi kuwa halal ce. Manzo Bulus da kansa ya ce wa masu bi na Koranti su gwada kansu su ga ko suna cikin bangaskiya (2 Korantiyawa 13:5), kuma mutanen da ya faɗa wa haka an yi musu baftisma, suna taruwa sujada, suna da baye-baye iri-iri. Ashe dai shekara 14 a ikkilisiya ba ta hana mutum ya tsaya ya duba kansa.

Mu fara da kalmar da kika ɗora wa kanki. Kalmar Helenanci da aka fassara mana da munafuki, a can asali sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, mai rufe fuskarsa da wata fuskar ya hau dandali. Mu kan ce Musa a baki, Fir'auna a zuci. Dubi Hananiya da matarsa Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Sun ga Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni, su ma suka sayar da nasu filin, suka ɓoye wani kaso, suka kawo sauran kamar shi ke nan duka. Bitrus ya faɗa wa Hananiya a fili cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma a hannunsa yake bayan ya sayar, ba wanda ya tilasta masa. Da ya ce ga rabi na kawo, rabi na riƙe, da babu laifi. Abin da ya kashe su shi ne suna son sunan wanda ya ba da duka alhali ba su ba da duka ba. Safiratu ma an ba ta dama bayan kamar sa'a uku, aka tambaye ta farashin, ta sake maimaita ƙaryar. Halin munafuki ke nan: ko an buɗe masa ƙofar faɗin gaskiya, sai ya ƙara gyara fuskar aro.

Ke kin fara cire taki, na kuma gode wa Allah saboda haka. Sai dai ki yarda da ni, cire ta a wasiƙar da ba suna, gaban wadda ba ta san fuskarki ba, shi ne mafi sauƙi. Akwai wurare biyu da suka rage, gaban Allah da gaban waccan 'yar'uwar.

A nan nake so mu daɗe. Kin ba rashin addu'arki da son yabonki da tsoronki wuri mai faɗi, amma maganar ƙaryar da kika yi wa 'yar'uwarki kin ratsa ta da jimla ɗaya kin wuce. Ni kuwa a ganina ita ce gindin abin. Ki lissafa da kanki: kusan shekara guda da ɓata sunanta, wata biyar da addu'arki ta bushe. Ban ce lallai wannan ne ya haifi wancan ba, amma Dawuda ya ba da shaidar abin da ya same shi lokacin da ya yi shiru a kan zunubinsa: ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar a tsakiyar zafin bazara, sai da ya furta laifinsa ya samu sauƙi (Zabura 32:3-5). Mutum yana iya yin addu'a mai daɗi a gaban jama'a da laifi a ƙunshe a cikinsa, domin jama'a ba su san komai ba. A ɗaki shi kaɗai kuwa ya san wanda yake magana da shi ya sani. Shi ya sa ƙafa take nauyin shiga ɗakin. Ina zaton zuciyarki tana gudun zama ita da Allah su biyu ne, don ta san maganar da za a fara tayarwa.

Yesu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Ya ce in kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa (Matiyu 5:23-24). Ki lura da abu biyu. Ya ce ka je, ya kuma ce ka dawo. Ke kin bar baikon, kin daina cin Jibi, kina shirin ajiye hidima, amma ba ki je ba. Barin bagade ba tare da zuwa wurin wadda aka yi wa laifi ba, horon kai ne kawai, yana sa mutum ya ji kamar ya biya wani abu alhali bashin yana nan.

To ki je. Ki same ta ita kaɗai, ki faɗi abin da sunansa: na faɗi kaza a kanki, ƙarya ce, kishi ne ya sa ni, ki gafarta mini. Kada ki ce "in na ɓata miki rai", kin san kin ɓata. Kada ki haɗa da nata laifin ko da tana da shi, ranar ba ta wannan ba ce. Sannan akwai abin da ya fi wuya: waɗanda kika faɗa wa maganar, su ma sai kin koma kin warware musu, domin sunanta a kunnensu ya ɓaci. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba bai tsaya ga hawaye ba, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Abin da kika ɗauke wa wannan baiwar Allah shi ne mutuncinta, shi za ki mayar. Tuban da ba ya mayar da abin da ya ɗauka, shi ne tuban muzuru, kaza a baki. Wataƙila ta karɓe ki da hannu biyu, wataƙila ta juya miki baya, tana da hakkin ta ɗauki lokaci. Wannan tsakaninta ne da Ubangijinta. Na san za ki ji kunya ƙwarai, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, yadda za ki san ko bangaskiyarki ta gaske ce. Akwai hanyar binciken kai da take warkarwa, akwai kuma wadda take haƙa rami, ina jin tsoron a ta biyun kike. Ita ce ta mutumin da ya zauna yana tone niyyarsa: na yi wannan don Allah ne ko don mutane? To wannan nadamar da nake ji, ta gaske ce ko ita ma don in ji ni mai tsoron Allah ce? To tambayar da na yi yanzu fa? Wannan rijiya ba ta da ƙasa. Annabi Irmiya ya ce zuciya ta fi kome yaudara, wa zai iya saninta (17:9)? In kuwa haka take, ba za ta zama mai laifi, ta zama shaida, ta kuma zama alƙali a shari'a ɗaya ba. Bulus da ya ce mu gwada kanmu, shi ne kuma ya ce ko shi ba ya yanke wa kansa hukunci; bai san wani laifi a lamirinsa ba, amma wannan bai sa ya kuɓuta ba, Ubangiji ne mai yi masa shari'a (1 Korantiyawa 4:3-4).

Wani ya riga ki faɗawa wannan rami tun da daɗewa. Martin Luther ya shiga gidan sufaye a birnin Erfurt na Jamus a 1505, ya yi shekaru yana azumi, yana kwana addu'a, yana shafe sa'o'i yana furta zunubansa ga shugabansa Staupitz, ya fito kuma ya tuna wani da ya manta, ko ya shiga shakkar ko nadamarsa ta isa. Staupitz ya yi ta juya hankalinsa daga kansa zuwa ga Almasihu da aka gicciye. Hutunsa ya zo ne sa'ad da ya fahimci Romawa 1:17, cewa adalcin da Allah yake nema kyauta ce da shi Allah yake bayarwa ta wurin bangaskiya. Na kawo miki shi ne don ki ga cewa himma da tsanantawa ba su taɓa kai kowa ƙarshen wannan tonon ba.

Dubi yadda Dawuda ya yi nasa binciken a ƙarshen Zabura 139. Ya ce wa Allah: ka bincike ni, ka san zuciyata, ka gwada ni, ka ga ko akwai muguwar hanya a cikina, ka bi da ni a madawwamiyar hanya. Fitilar a hannun Allah ya sa ta. Kuma na lura, a rayuwata da ta waɗanda na zauna da su, in Ruhu Mai Tsarki ne yake nuna laifi, yakan nuna abu takamaimai mai suna, da abin da za a yi a kansa: kin yi wa wance ƙarya, je ki gyara. Ita kuwa muryar da take cewa ke dai gaba ɗayanki ƙarya ce, ba ki taɓa zama ta Allah ba, ba amfanin ki yi addu'a, ba ta nuna ƙofa ko ɗaya, sai dai ta rufe waɗanda suke buɗe. Littafi Mai Tsarki ya ba mai wannan murya suna, mai ƙarar 'yan'uwa (Wahayin Yahaya 12:10). Bulus ya bambanta su da kyau: akwai baƙin ciki irin na Allah da yake kai ga tuba, akwai na duniya da yake kai ga mutuwa (2 Korantiyawa 7:10). Ki auna baƙin cikinki da inda yake tura ki. In yana tura ki wurin Allah da wurin 'yar'uwarki, ki bi shi. In yana korarki daga addu'a da tebur da jama'ar Allah, ki ƙi shi, ko da ya zo da aya a bakinsa.

Maganar son yabo ba zan ja ta da tsawo ba. Zunubi ne, kada ki yi masa kwalliya, amma ban san mai hidima ko ɗaya da ya tsira daga gare shi ba. Ni ma na taɓa sauka daga gaban jama'a ina baza kunne in ji abin da za a ce, na kuma koma gida da ɓacin rai don ba wanda ya ce komai. Na daɗe ina kai wannan gaban Ubangiji. Maganin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 6 mai sauƙin faɗa ne: ka yi sadaka yadda hagunka ba zai san abin da damanka yake yi ba, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka yi addu'a, ka yi azumi ka wanke fuska. Wato a ba zuciya abin da za ta yi wanda ba mai gani sai Uba. Ki nemi wani alheri da za ki riƙa yi wanda ba wanda zai taɓa sani, ki kuma riƙe bakinki a kansa har abada. Son yabo da yunwa ake rage masa ƙarfi.

Sai ayar da ta hana ki barci, Matiyu 7:21-23. Aya ce mai ban tsoro, an kuma rubuta ta don ta tsorata mu, ba zan rage mata kaifi ba. Amma ki sake karanta ta a hankali ki ji abin da mutanen suke faɗa. Ba mu yi annabci da sunanka ba? Ba mu fitar da aljanu da sunanka ba? Ba mu yi mu'ujizai da yawa da sunanka ba? Hidimarsu suka kawo shaida, sun zo da tabbaci, ba alamar sun taɓa kwana suna tambayar kansu. Yesu kuma ya kira su masu aikata mugunta, wato sunansa a bakinsu, nufin Ubansa kuwa ba ya cikin rayuwarsu. Ki ajiye su kusa da mutum biyun da suka je Haikali addu'a a Luka 18. Ɗayan Bafarisiye ne, mai tsananin bin dokokin addini, ya lissafa azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa. Ɗayan kuwa, mai karɓar haraji, ya tsaya daga nesa, ko ɗaga ido sama bai yi ba, yana bugun ƙirji yana roƙon Allah ya ji tausayinsa shi mai zunubi. Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce. Wannan addu'ar ba ta fi ƙarfinki ba ko a daren yau.

Wanda ya fi ba ni ta'aziyya a wannan magana shi ne Bitrus. Kafin a kama Yesu, ya auna zuciyarsa ya ga ta cika: ko duka sun yi tuntuɓe, ban da ni. Kafin zakara ya yi cara ya musanta Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, amma ya kai nadamarsa wurin manyan firistoci da suka ce ba ruwansu, ya tafi ya rataye kansa. Bitrus kuwa, bayan Yesu ya tashi daga matattu, da ya ji an ce Ubangiji ne a bakin teku, sai ya faɗa ruwa ya nufe shi. Da Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, a ta ukun ya ce: Ubangiji, ka san kome, ka san ina ƙaunarka (Yahaya 21:17). Ya daina rantsuwa da ƙarfin zuciyarsa, ya jingina ga sanin da Yesu ya yi masa. Yesu kuma bai ce ya je ya huta sai ya tabbatar da kansa ba, ya ce ya yi kiwon tumakinsa. Yahaya da yake wurin ran nan, shi ne ya rubuta daga baya cewa in zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome (1 Yahaya 3:20).

Game da Jibin Ubangiji, na san 1 Korantiyawa 11 ce ta tsayar da ke. Ki karanta daga aya 17. Abin da Bulus yake tsawatawa shi ne rarrabuwa a cikinsu: masu hali suna riga cin nasu, wani ya ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa, ana kunyata marasa shi. Laifin da ake yi wa 'yan'uwa ne a bakin teburin. Wannan ya shafe ki, shi ya sa na ce ki fara da zuwa wurinta. Amma aya 28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Ƙarshen gwajin ci ne. In kin furta laifinki ga Allah, kin kuma yi abin da yake hannunki wajen shiryawa, ki koma teburin ko da ba ki ji wani daɗi a ranki ba. An shirya shi ne domin masu zunubin da suka san suna bukatar jinin nan.

Hidima kuwa, shawarata kada ki ajiye duka. Mutumin da ya janye daga kome a irin wannan hali yakan zauna shi kaɗai da tunaninsa, tunanin kuma ya cinye shi. Ki ci gaba da koyar da yaran, su ba sa yabon kowa don ya iya magana. Addu'a a gaban jama'a ce nake ganin ki nemi a ɗaga miki na ɗan lokaci, wata biyu ko uku, har ta ɓoye ta dawo ta fi ta fili yawa. Ki sami fastonku ko wata dattijuwa mai riƙon amana ki faɗa mata dalili, kada ki ƙirƙiro wani uzuri, don kada ki gyara ƙarya da ƙarya. Yakubu ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke (5:16). Kina bukatar mutum ɗaya da ya san fuskarki ya kuma san labarin.

Addu'ar ɗaki, kada ki jira sai kin ji motsi. Ki sa lokaci, ko minti goma ne, ki rufe ƙofa, ki buɗe Zabura 51 ki karanta ta da murya a matsayin taki. In ba abin da ya zo, ki faɗa wa Allah haka: ga ni, ba na jin kome, ban ma tabbata da kaina ba. Mahaifin wani yaro mai aljan a Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuma ya warkar masa da ɗansa. Kada ki yi ƙoƙarin yin addu'a mai daɗin ji, ba mai saurare sai wanda ya riga ya san abin da yake ciki. Da dare kuma, in za ki duba ranarki, ki tsaya ga abin da ya faru a ranar: wa na ɓata wa, ina na ƙara gishiri a magana, me zan gode a kai. Ki furta, ki karɓi alkawarin 1 Yahaya 1:9 cewa shi mai aminci ne mai adalci da zai gafarta, ki rufe littafin ki kwanta.

In kuma bayan duk wannan barcin bai dawo ba, ko abinci ya fita ranki, ko tunanin ya riƙa juyawa ba ya tsayawa, ki ga likita, ba rashin bangaskiya ba ne. Iliya da ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, magana ta biyo baya (1 Sarakuna 19).

Kada ki bari Lahadi ta zo ba ki nemi 'yar'uwar nan ba. In kin ga ƙafarki za ta yi nauyi, ki aika mata tun yau cewa kina so ku gana, don kada gobe ki sami hanyar fasawa. Zan riƙa ambatonki a addu'a, ku biyun. In kin je kin dawo, ki rubuto mini yadda kuka yi.